Maganin tsutsar ciki: sun ce kimiyya ta tabbatar, to ina awon?

Tun da gwamnatin Donald Trump ta dakatar da tallafin ƙetare a watan Janairun 2025, daga baya kuma ta rufe USAID, hukumar ba da agajin ƙetare ta Amurka, wata magana ta samu gindin zama a TikTok da Facebook da bakin masu tallar magani a mota. Wai tafiyar Amurkawa gaba ta kai mu, domin ƙwayar tsutsar ciki da ake raba wa yara a makarantun firamare dama ba mu da buƙatarta. Ga 'ya'yan gwanda, ga shuwaka, ga sassaƙen maɗaci, ga tafarnuwa, kuma, in ji su, "masana kimiyya sun tabbatar". Wannan jimla ta ƙarshe ita ce ta hana ni yin shiru. A da mai magani da kakansa yake kafa hujja, yanzu ya koma kafa hujja da farfesoshin da bai taɓa karanta layi ɗaya na aikinsu ba, kuma iyaye suna saye suna ɗura wa yara.

Abin da ake wasa da shi ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.5 ne ke ɗauke da tsutsotsin da ake kwasa daga ƙasa, wato kusan mutum ɗaya cikin huɗu a doron duniya. Uku ne manyansu: macijin ciki da kowa ya sani, da wata siririya mai kama da bulala da ke maƙalewa a babban hanji, da mai ƙugiya wadda ke huda tafin ƙafar mai yawo ba takalmi ta gangara hanji tana zuƙar jini. Ba kasafai suke kisa nan take ba. Aikinsu shi ne tsumburar da yaro, su bar shi da ƙarancin jini da katon ciki da gyangyaɗi a aji, su kuma ƙara wa mai juna biyu nauyi a kan wanda take ɗauke da shi. Ƙwayoyin da ake rabawa, albendazol da mebendazol, kyauta ce daga kamfanonin GSK da Johnson & Johnson ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da masu ba da agaji ke biya shi ne kuɗin kai su ƙauye da horar da masu rabo, kuma wannan kuɗin ne ya yanke, kamar yadda ya taɓa yankewa a 2021 lokacin da Birtaniya ta zaftare nata tallafin. Gwamnonin da ke iya sayen motocin alfarma a jere ba za su ce jigilar ƙwayar kyauta ta fi ƙarfinsu ba. Amma maimakon mu matsa musu lamba, sai ga mu muna tafa wa mai lasifika.

Akwai likitocin da da zarar an ambaci ganye sai su taɓe baki su ce camfi ne. Waɗannan tarihin sana'arsu ma ba su sani ba, don haka ba zan ɓata musu lokaci ba. Kafin a samu magungunan zamani na tsutsa a shekarun 1960 da 1970, da yawa daga cikin abin da asibitocin Turai ke bayarwa daga tsirrai yake. A 1830 masu harhaɗa magani a Jamus suka ciro sinadarin santonin daga wani tsiro ɗan uwan tazargade da ke fitowa a tsakiyar Asiya, aka yi sama da shekara ɗari ana korar macijin ciki da shi. Yaƙin da gidauniyar Rockefeller ta yi da tsutsa mai ƙugiya a jihohin kudu na Amurka da wasu ƙasashe a farkon ƙarni na 20, da sinadaran tsirrai aka yi shi. Habashawa, masu cin ɗanyen nama, sun yi ɗaruruwan shekaru suna shan furen itacen koso don fitar da tsila. Duk waɗannan suna aiki.

To me ya sa aka bar su? Nan ne masu bidiyo ke tsallake shafi. An bar su ne saboda tazarar da ke tsakanin awon da zai kashe tsutsa da awon da zai kashe mai tsutsar ba ta da yawa. Santonin kan sa mutum ya riƙa ganin komai rawaya, idan ya yi yawa ya jefa yaro cikin jijjiga, kuma ya yi ajalin wasu. Man tsiron da ma'aikatan Rockefeller suka koma amfani da shi, mai sinadarin askaridol, ya kashe yara da dama saboda kuskuren ɗigo kaɗan. Koso idan ya zarce ƙa'ida yana taɓa ido, yana kuma kisa. Tsiro ba don ya warkar da mu yake haɗa waɗannan sinadarai ba, yana haɗa su ne don ya kare kansa daga ƙwari da dabbobin da ke cinsa. Guba ce tun asali. Duk mai ce maka "ai na ganye ne, ba ya da illa" to ka tuna masa da zaƙami da tunya, su ma ba a kemis ake haɗa su ba.

Sunan da suka fi so su kira shi ne na Tu Youyou, 'yar ƙasar Sin da ta samu lambar yabo ta Nobel a 2015 saboda maganin zazzaɓin cizon sauro da ta ciro daga wani nau'in tazargade. Labarinta gaskiya ne, amma ƙaryata su yake yi. Ita da abokan aikinta sun bi girke-girken gargajiya sama da 2,000, suka gwada ɗaruruwan tatattun sinadarai, galibinsu suka faɗi. Wanda ya yi nasara a 1971 shi ne samfuri na 191, kuma bai yi ba sai da ta gano daga wani tsohon littafi na ƙarni na 4 cewa zafi na lalata sinadarin, ta daina tafasa ganyen. Bayan ɓeraye da birai, ta sha da kanta kafin a ba marasa lafiya. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ɗora maganin zazzaɓi a kan wannan sinadari, ita ce kuma ke gargaɗi kada a sha shayin ganyen a madadinsa, domin ƙarfinsa ba ya da tabbas, kuma rabin awo koya wa ƙwayar cuta juriya yake yi. Mun ga yadda aka ƙare da jiƙon tazargaden Madagaska da shugaban ƙasar na lokacin, Andry Rajoelina, ya tallata a 2020 a matsayin maganin korona. An kawo shi Abuja da ɗoki, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD ta duba, ba ta ga shaidar warkarwa ba.

Mu zo kan gwanda, tunda ita ce tauraruwar wannan kakar. Akwai bincike na haƙiƙa a kanta, kuma a Najeriya aka yi shi. A 2007 wasu likitocin yara na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife suka wallafa gwajin da suka yi da yara 60 masu tsutsa ko wasu ƙwayoyin cutar hanji a bahayarsu. Rabi aka ba su busassun 'ya'yan gwanda da aka niƙa cikin zuma, rabi aka ba su zuma zalla. Bayan mako guda, 23 cikin 30 na rukunin gwanda bahayarsu ta fito tas, a rukunin zuma kuwa 5 ne kawai. Sakamako ne mai faranta rai, kuma akwai dalilin da zai sa a yarda da shi, domin 'ya'yan gwanda na da wani sinadari mai yaji da ke kashe tsutsa a ɗakin gwaji, ƙaron ɗanyar gwanda kuma, wanda mata suka san yana tausasa nama, yana narkar da fatar tsutsa. Daga baya an gwada kunun masara mai garin 'ya'yan gwanda a wasu makarantun Kenya, ya rage ƙwan macijin ciki sosai, ko da yake bai kamo albendazol ba.

Sai dai su kansu likitocin Ile-Ife gwajin share fage suka kira aikinsu, suka nemi a yi babba. Yara 60 ba su isa a gina shirin ƙasa a kansu ba. Ba a bi yaran wata da watanni ba. Ba a gwada wa masu ciki ba, alhali bincike a kan dabbobi ya nuna ƙaron ɗanyar gwanda na sa mahaifa naƙuda. Haka kuma an ga tatattun sinadaran 'ya'yan gwanda suna rage maniyyi a ɓeraye da birai, har an yi nazarinsu a Indiya a matsayin maganin tazarar haihuwa na maza. Wannan ɓangaren ban taɓa jin mai lasifika ya faɗa ba, wataƙila don a motar tasa ɗin dai ake sayar da maganin ƙarfin maza. Kusan shekara ashirin ke nan da wancan gwaji, a ƙasar da gwanda ke fitowa a bayan gidaje, kuma har yau shirin raba maganin tsutsa na ƙasa bai da wani haɗin gwanda mai awo da zai miƙa wa malamin makaranta. Abin kunyar ke nan, kuma shi ake juyawa ana mana tallarsa a matsayin abin alfahari.

Babbar hujjar mai magani ita ce abin da ido ya gani: yaro ya sha, cikinsa ya murɗa, ya yi gudawa, wata rana ma a ga macijin ciki ya fito. Shi ke nan an yi wankin ciki, uwa ta sa albarka. Amma macijin ciki kan fito da kansa idan yaro ya yi zazzaɓi, kuma fitowar ɗaya ba ta ce komai a kan goman da suka rage. Mai bulala da mai ƙugiya, waɗanda suka fi shan jini, ƙanana ne kuma a maƙale suke, ba a cika ganinsu a fo ba. Hanya ɗaya ta sanin magani ya yi aiki ita ce a ƙirga ƙwan tsutsa a bahaya da madubin ɗakin gwaji kafin a sha da kuma makonni biyu zuwa uku bayan an sha. Gudawa kuwa duk wani ɗaci na iya jawo ta, kuma ga yaron da dama yake fama da tamowa, gudawar kwana biyu ta fi tsutsar haɗari.

Ga kuma batun awo, wanda shi ne zuciyar maganar. Albendazol milligiram 400 ne, a Kano ko a Maraɗi. Sassaƙen maɗaci fa? Na tsohon itace da na ƙarami ba ɗaya ba ne, na rani da na damina ba ɗaya ba ne, wanda ya kwana uku a jiƙe da wanda aka tafasa yanzu ba ɗaya ba ne. Amsar da za ka samu ita ce kofi ɗaya safe, ɗaya dare, yaro rabin kofi. Wane kofi? Yaron mai kilo nawa? Idan ka matsa sai a nuna maka lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a jikin roba. Lambar da hukumar ke ba galibin magungunan gargajiya, mai harafin L a ƙarshe, rajista ce ta wucin gadi da ke nuna an duba samfurin ba a ga yana cutarwa ba. Ba ta ce yana warkar da komai ba, kuma doka ta tilasta a rubuta a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin mai maganin ba. Da Turanci ake rubuta wannan gargaɗi, da ƙananan haruffa. Tallar kuwa da Hausa ake yin ta, da lasifika.

Ba masu mota kaɗai nake zargi ba. Wa ya ba su kalmar "an tabbatar"? Jami'o'inmu ne. Ku buɗe mujallun da malamai ke zuba takardu don neman ƙarin girma, za ku tarar da tulin rubuce-rubuce masu fasali guda: an samo ganye kaza, an shanya a inuwa, an daka, an jiƙa a sinadari, an zuba a kan tsutsa a faranti, ta mutu cikin minti kaza, don haka bincike ya gaskata amfanin da ake yi da shi a gargajiyance, ana ba da shawarar a ƙara bincike. Sau da yawa tsutsar ma ba ta ciki ba ce, tana ce ta ƙasa, irin wadda yara ke haƙowa don kamun kifi, wadda a wajen masana dabbobi ko dangi ɗaya ba su haɗa da macijin ciki ba. Gishiri ma na kashe tana, omo ma haka. Abin da ya kashe tsutsa a faranti sai ya tsallake ruwan ciki mai tsami, ya isa hanji da ƙarfinsa, ya kashe tsutsar ba tare da ya taɓa hanta da ƙoda ba, kafin a fara kiransa magani. Ƙarin binciken da ake ba da shawara ba ya zuwa, domin malam ya samu makinsa, ɗalibi ya samu digirinsa, an koma kan ganye na gaba. Tun 1916 wani likitan mulkin mallaka, J. M. Dalziel, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, a 1937 ya biyo da babban littafinsa kan amfanin tsirran Afirka ta Yamma. Sama da shekara ɗari bayan na farkon, yawancin aikinmu bai wuce sake jero abin da ya jero ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne duniya na neman sabon maganin tsutsa ido rufe, kuma muna zaune a kan abin da za a iya nema a ciki. Magungunan da ake da su 'yan kaɗan ne, tsofaffi ne, wasunsu ma don dabbobi aka fara yin su. Albendazol na gamawa da macijin ciki, amma ƙwaya ɗaya ba ta warkar da ko rabin masu tsutsar bulala. A wajen tumaki da awaki kuwa, a Afirka ta Kudu da Ostireliya da Brazil, tsutsotsi sun riga sun bijire wa irin waɗannan magunguna, kuma masana na fargabar a ga haka a jikin mutane tunda dangin magani ɗaya ake ta maimaitawa shekara da shekaru. Sabon maganin da ake sa wa rai yanzu, emodefsaid, asalinsa daga wata fumfuna ce da aka samu a jikin ganyen wani fure a Japan. Da aka gwada shi a tsibirin Pemba na Tanzaniya, sakamakon da aka wallafa a 2023 ya nuna ƙaramin awonsa ya warkar da sama da kashi 80 cikin ɗari na masu tsutsar bulala, albendazol kuwa kashi 17. Maganin aibamektin da ya ceci miliyoyi daga makantar kogi, daga wata ƙwayar halitta da ke cikin turɓaya a Japan aka samo shi. Babu wata doka da ta ce na gaba ba zai fito daga marke ko aduwa ba.

Alamun ma suna nan. Makiyaya sun daɗe suna ba dabbobi jiƙon maɗaci don tsutsa, kuma binciken likitocin dabbobi a ƙasashe da dama ya nuna cewa ciyawa da ganyaye masu sinadarin tanin, irin wanda ya sa majema ke jima da bagaruwa, na rage tsutsar cikin tumaki da awaki. Shuwaka kuwa har birai sun san da ita: a ƙarshen shekarun 1980, a tsaunukan Mahale na Tanzaniya, masani Michael Huffman da abokin aikinsa Mohamedi Seifu Kalunde suka ga wata gwaggon biri marar lafiya tana ɓare reshen shuwaka tana tsotse ɗacin ciki, washegari ta warware, daga nan aka shiga ciro sinadaran ganyen ana nazari. Ko ita birin, a lura, ɓargon reshen ta zaɓa ta bar ɓawon da ganyen, inda sinadarin da ya fi guba ya fi yawa.

Maƙwabta sun nuna ana iyawa. A Bamako, sashen maganin gargajiya na gwamnatin Mali ya ɗauki nonon kurciya, ciyawar da muke takawa a bakin kwata, ya daidaita awonta, ya fitar da ita da sunan Dysenteral don maganin atuni, har ta shiga jerin muhimman magungunan ƙasar. Gana na da cibiyar binciken magungunan tsirrai a Mampong tun 1975, jami'ar Kwame Nkrumah da ke Kumasi kuma na yaye masu digiri a fannin. Mu ma mun taɓa yi. Niprisan, maganin rage tashin ciwon sikila da NIPRD ta haɗa daga masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace, daga hannun wani mai maganin gargajiya ya fito. Aka yi yarjejeniya da shi, aka sa sunansa a takardar mallaka, aka yi gwaji a kan marasa lafiya. Kamfanin da aka ba lasisi ya fara sayarwa a 2006, bayan 'yan shekaru ya durƙushe, maganin ya ɓace daga kasuwa tsawon shekaru kafin a sake ba wani kamfani. Ko da muka yi ilimin daidai, sakaci ya cinye shi. Amma aƙalla labarin ya rushe uzurin masu cewa ba za su bayyana sirrin haɗinsu ba don kada a sace: akwai hanyar da za a bayyana a kuma ci moriya, wanda ya ƙi bin ta ya san abin da yake tsoron a gano a cikin robarsa.

Masu cewa a bar batun magani gaba ɗaya a gina masai suna da rabin gaskiya, kuma rabin nan ba ya warkar da yaron da ke ɗauke da tsutsa yau. Ƙididdigar gwamnati ta 2021 ta ce 'yan Najeriya kusan miliyan 48 ne ke bahaya a fili. Shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya sa hannu a kan umarni a 2019 cewa za a kawo ƙarshen haka zuwa 2025, shekarar ta zo ta wuce. Jigawa ce jihar da ta fara samun shaidar kuɓuta daga bahaya a fili, a 2022. Muddin ƙasar da yara ke wasa a kai na cike da ƙwai, ko ƙwaya ko jiƙo, bayan 'yan watanni tsutsa za ta dawo, shi ya sa ake maimaita rabon kowace shekara, kuma shi ya sa yankewarsa ke da haɗari.

Abin yi ba boyayye ba ne. Jihohi su ɗauki nauyin rabon ƙwaya daga aljihunsu, yanzu. Hukumar TETFund mai tallafa wa manyan makarantu ta daina watsa kuɗin bincike a kan ganye ɗari, ta zaɓi uku ko huɗu, gwanda a sahun gaba, ta haɗa masu harhaɗa magani na Zariya da likitocin yara na asibitin koyarwa na Aminu Kano da masu maganin da suka yarda a auna haɗinsu, a yi gwaji da yara dubbai, a ƙirga ƙwai, a duba hanta da ƙoda, a faɗi sakamako ko da bai yi daɗi ba. Gidajen rediyon da ke sayar wa masu magani awa guda suna rantsuwa da sunan kimiyya kuma a tilasta musu karanta gargaɗin NAFDAC da Hausa, a farkon shiri da ƙarshensa, da murya irin wadda aka yi tallar da ita.